Wayar Baba Ba Ta Mantuwa

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku sarara min haka. Wata har cewa ta yi wai in ban turo yau ba ta daina kula ni. Baiwar Allah, ni ma fa ina da wanki da guga.

Ku kuma da kuka shigo yau, ku matso in taƙaita muku. Manaja ɗan Baba ne mai shagon fenti, kuma ba manajan komai ba ne. Baba ne ya laƙaba masa sunan ranar da ya damƙa masa makullin shago, amma har gobe ko kujera bai isa ya matsar ba sai ya tambaya. Wani kamfanin ƙawata gidaje ya ga yadda yake haɗa kala, suka ce suna son sa, kuma yau za su kira su ji amsarsa. Yana son aikin nan kamar ransa. Matsalar ita ce tun da aka haife shi bai taɓa buɗe baki ya ce wa Baba a'a ba.

Sai dai yana da wata dabara. Tun da ya sayi sabuwar wayarsa, irin wadda ake ajiyewa a kan tebur don mutane su gani, ya gano tana da wurin janye saƙo bayan an tura. Shi ke nan ya samu magani. Duk ranar da Baba ya ƙunsa masa takaici, sai ya shige bayan shago wajen bokitai, ya zazzage duk abin da ke cinsa a rubuce, ya tura wa Baba. Da ya ji ƙarar tafiyar saƙon, fiuuu, sai zuciyarsa ta yi sanyi, ya yi maza ya janye. Sannan ya rubuta "To Baba" ya tura. Ya san kafin Baba ya lalubo tabarau an daɗe da gama komai. Jiya ma haka ya yi da maganar barin shago.

Mu je zuwa.

Hantsi ya yi, babu kwastoma ko ɗaya. Baba na kan kujerarsa ta roba yana juya fenti da sanda, don har yau bai yarda da injin haɗa kala ba, wai inji ba shi da ido. Manaja na goge kantar da ya riga ya goge, rabin hankalinsa na kan wayarsa.

Sai ga Yaya, babbar yayarsa, jaka a kafaɗa, tana tafe kamar wadda aka aiko da sammaci. Ta gaida Baba a gurguje ta miƙa hannu.

"Baba, ba ni wayarka."

"Uwata, daga zuwa? Ko jikan nawa ba ki kawo min ba."

"Ai saboda jikan naka na zo. Na turo maka hotonsa ya fara zama, ka kira ni kana tambaya wai yaushe muka samu kyanwa."

"To abin da na gani ke nan. Wani abu dishi-dishi a tsakar ɗaki, da kunnuwa."

Manaja ya ƙyalƙyale da dariya. Ku bar shi ya yi, ita ce ta ƙarshe da zai yi yau.

Yaya ta ajiye jaka a kan kanta ta gyara tsayuwa.

"Ba laifin idonka ba ne, Baba. Wayata da ta Manaja iri ɗaya ne, taka kuma gidansu daban. Ba sa jin yaren juna sosai. In na turo maka hoto sai ya iso a dagule, bidiyo kuma ya zo ɗan mitsitsi kamar kan sarki. To yanzu an daidaita su. In na sabunta maka taka, hoto zai zo tar, za ka ga in na karanta saƙonka, za ka ga lokacin da nake rubuto maka amsa. Kai, har janye saƙo ma zai fara aiki tsakaninmu."

Tsumma ya tsaya cak a hannun Manaja.

"Yaya, me kika ce zai fara?"

"Janye saƙo."

"Zai fara, ko dai zai ƙara kyau?"

"Zai fara mana. Da ai sai tsakanin masu irin wayarmu. In ka tura wa mai irin ta Baba ka janye, a wajenka kawai yake ɓacewa. Shi yana nan daram a wajensa. Ba ka ganin ɗan rubutun da ke fitowa a ƙasa in ka janye?"

Yana gani. Bai dai taɓa tsayawa ya karanta ba, ya ɗauka godiya wayar take yi masa.

Jama'a, a hankali Manaja ya juya ya saci kallon Baba. Baba bai ɗago ba, juya fentinsa kawai yake yi, amma gashin bakinsa na ɗan motsi.

"Tun... tun yaushe abin yake haka?"

"Tun da aka ƙera wayar. Kai wai lafiyarka? Ka ga zufar da kake yi kuwa?"

"Warin fenti ne."

"Kai da aka haifa a cikin fenti?"

Baba ya yi gyaran murya.

"Uwata, bar min wayata yadda take. Ba na son sabuntawar nan."

"Haba Baba, kyauta ne fa."

"Ko da kuɗi za a haɗa min ba na so."

Wanda ya san Yaya ya san ba a ce mata bari. Wayar na jone a caji a gefen kanta, ta fizge ta. Babu makulli a kai, don Baba ya ce duk mai kulle waya akwai abin da yake ɓoyewa. Niyyarta ta buɗo hoton kyanwar ta nuna masa bambanci. Tana shiga wajen saƙonni, sunan Manaja ne a sama.

Ta karanta layin farko. Ta ɗago ta kalli ƙanenta. Ta sake mayar da kai.

"Innalillahi. Manaja, mene ne wannan?"

"Kutse aka yi min."

"Kutse?"

"Wallahi Yaya, ɓarayin waya sun yi yawa yanzu."

"Ɓarayin nan sun san shagon nan ciki da waje," in ji Baba, yana ɗaga sanda ya ga kaurin fentin. "Tunda kin buɗe, karanta masa, Uwata. Da ƙarfi. Ni idona ya gaji."

"Baba, don girman Allah..."

"Ba da kai nake ba. Uwata, muna ji."

Yaya ta ja kujera ta zauna, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, har da gyara murya kamar mai karanta labarai.

"'Baba, labarin yadda ka fara shagon nan na haddace shi. Da bokiti uku ne, ya koma biyu, yanzu ɗaya. Nan gaba za ka ce da murfin bokiti ka fara.'" Ta danne dariya da ƙyar. "Sai kuma na ƙasansa: 'To Baba, Allah ya ƙara girma.'"

"Amin," in ji Baba. "Ci gaba."

"'Baba, ba kowa ne ke son ruwan madara ba. Matar nan shuɗi ta ce, shuɗi! Ka yi ta mata wa'azi har ta tafi da ruwan madara kamar za ta yi kuka. Duk gidajen layin nan sun koma kamar asibiti saboda kai.' Na ƙasa: 'To Baba, za a kai mata.'"

Manaja ya lallaɓa ya fara ja da baya, yana neman ƙofar bayan shago.

"Manaja."

"Na'am Baba."

"Dawo ka tsaya inda kake."

"To Baba."

Ya dawo ya ƙame. Ni da nake ba ku labarin nan sai da na ji masa kunya, wallahi.

Yaya kuwa ta samu abin yi. Hawaye har ya fara zubo mata.

"Wayyo cikina! Ku ji wannan. 'Baba, don Allah ka daina shafa baƙin nan a gemu. Jiya da ka yi zufa har wuyan riga ya sauko. Wani kwastoma ya tambaye ni ko muna da irin kalar a galan.'"

Ta zame daga kan kujera tana riƙe da ciki.

Baba ya shafa gemunsa, wanda yanzu fari ne fat.

"Wannan kam ta yi min zafi. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Amma da na tsaya gaban madubi sai na ga yaron bai yi ƙarya ba."

A nan ne kan Manaja ya fara haɗa abubuwa. Gemun da ya wayi gari ya gan shi fari. Fankar da aka kafa a bayan shago bayan ya yi ƙorafin zafi. Labarin bokiti da aka daina ba da shi. Ranar da Baba ya bar wani mutum ya sayi kore ba tare da gardama ba. Shi duk a zatonsa addu'arsa ce take ci. Har abokansa ya tara ya ba su shawara wai su riƙa haƙuri da iyaye, shi ga shi haƙuri ya yi masa rana.

"Baba, ashe duk... duk kana gani?"

"Har wanda ka rubuta rabi ka tura cikin fushi, ka sake turo cikon."

"Na shiga uku."

"Ba ka shiga ba tukuna," in ji Yaya tana share ido. "Bari mu ga na gaba. 'Baba, ka daina cewa Yaya ta fi ni zumunci. Ba ziyara take kawo maka ba, caji take zuwa yi, ta shanye lemon firij, ta...'"

Dariyar ta ɗauke ɗif.

Ta ɗago a hankali.

"Ƙarasa mana," in ji Baba.

"'...ta tafi da buroshi ba ta faɗa ba.' Ni? Ni ce ɓarauniyar buroshi?"

"Yaya, ɓarayin wayar ne..."

Jakar ta sauka a gadon bayansa, tim! Ya zagaya bayan injin haɗa kala, ta bi shi. Ya ɗauki rolar shafa fenti ya kare kansa.

"Ni da na goya ka? Ni da na wanke maka kashi? Buroshi nawa na ɗauka?"

"Huɗu," in ji Baba. "Shi ma ya faɗa a wani saƙon. Ku zauna, kada ku zubar min da kaya."

Suka tsaya suna haki. Yaya ta koma kujera tana hararar Manaja, ta ɗauki wayar da ƙarfi.

"Ai yanzu ma na ga dalilin sabuntawa. Baba, kawo in danna, ka huta da rashin kunyar yaron nan. In ya janye ya ɓace, ba ka gani ba balle ranka ya ɓaci."

"Na ce ki bari."

Yadda ya faɗa a wannan karon ya sa ta cire yatsa daga kan wayar. Ya jingina sandar a bakin bokiti ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

"Uwata, ke tun kina ƙarama in abu bai miki ba sai duk gida ya ji. Shi kuwa yaron nan 'to' kawai ya iya. Zauna, to. Tashi, to. Na zaɓa masa karatun da ba ya so, ya ce to. Na ce ya dawo shago, ya ce to. Na rasa gane ko ba shi da ra'ayi ne, ko kuwa tsorona ne ya yi masa yawa. Na biyun nan shi ya fi damuna, don babu uban da ke son ya tsufa bai san ɗansa ba."



"Rannan ina zaune a nan waya ta yi ƙara. Na sa tabarau, sai na ga wani mutum yana zazzaga min faɗa a kan bokiti. Na duba lambar, na sake dubawa. Na ce ikon Allah, ashe ina da ɗa mai baki! Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Amma daɗin da na ji ya fi haushin yawa."

Manaja ya sunkuyar da kai. Idonsa ya ciko.

"Har jira nake yi," Baba ya ci gaba. "In na ji shiru ya yi yawa, sai in tsokane shi da gangan."

Manaja ya ɗago da sauri.

"Da gangan?"

"Ƙwarai."

"Ranar da na jera bokitai daga ƙarami zuwa babba, ka ce in sauke in jera daga babba zuwa ƙarami?"

"Kewarka na yi."

"Baba, bayana ya yi sati yana ciwo!"

"Na sani. Ka rubuto. Saƙo mai kyau ne kuwa, har da alamar motsin rai."

Yaya ta toshe baki, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"To yanzu ki gyara min waya ya riƙa janyewa yana ɓacewa, in koma zama da 'To Baba'? A'a. Ki bar ni da kyanwata, in ina son ganin jikana na zo gidanku."

Yatsan Yaya ya ci gaba da jan saƙonnin har ta kai ƙarshe. Nan fuskarta ta canza. Ta karanta a zuci, ta kalli Manaja, ta kalli Baba.

"Baba... ka ga na jiya?"

"Na gani."

"Wai da gaske zai..."

"Kada ki karanta wannan."

Daidai lokacin wayar Manaja ta ɗauki ruri a kan kanta. Sunan kamfanin ya fito ɓaro-ɓaro a fuskarta. Su ukun suka zuba mata ido. Tana ta kuka tana zagaya a kan katako, babu wanda ya motsa, har ta gaji ta katse.

Baba ya mayar da tabaransa.

"Za su sake kira?"

"E, Baba. Sun ce in ba su same ni yau ba za su ba wani."

"To saurara. Maganar gemu na karɓa a rubuce. Ta bokiti na karɓa a rubuce. Wannan ba zan karɓa ba. Shekara da shekaru ni da kai a shagon nan, kullum tare muke buɗewa mu rufe, sannan ka bar ni da saƙon da ka jefo ka gudu? Ga ni, ga ka. In kana da magana, faɗe ta da bakinka. In ba za ka iya ba, ɗauki tsummanka ka ci gaba da goge kanta, in sun kira ka ce musu ka fasa."

Hannun Manaja da kansa ya fara lalubar aljihu yana neman waya, ya tuna tana kan kanta. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa.

"To Ba..."

Yaya ta take masa ƙafa da tsinin takalmi.

"Wallahi ka ƙarasa 'to' ɗin nan sai na juye maka bokitin nan a ka! Mutumin da ya iya ƙirga min buroshi ne zai kasa magana?"

"Yaya, ƙafata!"

"Yi magana!"

Ya ja numfashi. Ya kalli Baba ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, ina son aikin nan. Ba don na gaji da kai ba ne." Ya haɗiye yawu. "To, na ɗan gaji kaɗan. Amma ba shi ne dalili ba. Kai ka koya min kala, kuma na iya, na san na iya. Ina so in ga inda za ta kai ni. In na zauna a nan, zan tsufa ina sayar da ruwan madara ina jin haushinka, ni kuma ba na son in ji haushinka. Zan tafi, Baba."



Baba ya ɗauki sandarsa kamar zai ci gaba da juyi, sai ya tsaya da ita a sama. Fenti na ɗiga a kan takalminsa, ɗis, ɗis, bai ko lura ba. Mutumin da ko ɗigo ya zuba a ƙasa sai an yi shari'a. Tausayinsa ya kama Manaja har ya ji kamar ya ce ya fasa, amma ya cije.

Can Baba ya tura wa Yaya wayarsa da bayan hannu, ba tare da ya kalle ta ba.

"Danna abin naki, Uwata."

"Baba, ka tabbata?"

"Na ji muryarsa. Danna."

Muryar Baba ce ta ɗan yi rawa a ƙarshe, ya yi tari ya rufe.

Wayar Manaja ta sake ɗaukar ruri.

Manaja ya kai hannu, amma ina! Tsohon nan da ke cewa gwiwa ta hana shi tashi ya riga shi. Ya damƙe wayar da hannunsa mai fenti, ya danna, ya kara a kunne.

"Baba! Baba, don Allah!"

Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya.

"Wa alaikumus salam. A'a, ba shi ba ne, mahaifinsa ne." Ya leƙo Manaja ta saman tabarau, fuskar nan babu alamar wasa. "Kafin ya ba ku amsa, ku haɗa ni da babbanku. Akwai abin da ba ku sani ba game da yaron nan."